An ƙwace wayar 'yata a makaranta wai sai ƙarshen zango, hana yara waya daidai ne a garin nan?

Baban Yara, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda yaransu ke makarantar gwamnati a nan Legas, in akwai malamai a cikinmu ma ya fi. Babbar 'yata tana SS2, makarantar tasu ba a unguwa take ba, sai ta hau keke napep ta fita bakin titi sannan ta kama danfo (bas ɗin haya ta Legas), dawowa kuma in gosulo ya riƙe su wani lokacin sai bayan la'asar sakaliya take shigowa gida alhali tun wajen ƙarfe 2 aka tashe su. Shi ya sa na ba ta tsohuwar wayar mamanta, Android ce amma duk ta sha jiki, don dai in wani abu ya taso a hanya ta kira. To makon nan bayan asembili aka yi musu binciken jaka aka kwashe duk wayar da aka gani har da tata, kuma inji ta a kashe take can ƙasan littattafai. Na rufe shago na je, mataimakiyar firinsifal tace min doka ce, an faɗa mana tun ranar da aka ɗauke su, ba za a bayar ba sai an yi hutu, in kuma aka sake kama ta da wata dakatarwa ce.

Ni fa ban ce yarinya ta zauna tana latse-latse malami na gaban allo ba, in na kama ta da haka ni zan fara hukunta ta kafin su. Amma jama'a wanda ya kafa dokar nan yana hawa danfo kuwa? Mota ta lalace a tsakiyar hanya, kwandasta ya ƙara kuɗi saboda an ga hadari, ruwa ya cinye titi, 'yan wan cans masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, faɗan agbero ('yan kamasho) a tasha, duk 'ya mace ita kaɗai. Uwarta in ƙarfe 4 ta gota ba ta gan ta ba ko abinci ba ta iya ci. Ku ya kuke yi da naku? Kuma ƙwace waya har ƙarshen zango ba zalunci a ciki?

Tica, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni malamin lissafi ne a babbar sakandaren gwamnati, bari in faɗa maka abinda muke gani daga namu ɓangaren, ka yi haƙuri in ya yi ɗaci.

Duk wayar da aka taɓa kamawa a makarantarmu, mai ita cewa yake a kashe take. Ban ce 'yarka ƙarya take ba, Allah ya sani, amma ni da nake tsaye gaban yara sun haura 70 a aji ɗaya, wasu uku-uku a benci, na baya ko fuskarsu ba na gani sosai, ta yaya zan bambance wadda ke kashe da wadda aka sa a sailent aka ɗora a cinya ƙarƙashin loka? Kana rubutu a allo ka juyo ka ga kawuna huɗu sun haɗu wuri ɗaya, ka san ba lissafi suke ba. Samarin mafi yawa caca ce ta ƙwallo, yaro ɗan shekara 15 ya zuba kuɗin motarsa a bet yana jiran sakamako, wanda hankalinsa ke can me zai ji? 'Yan matan kuma TikTok da cat, wata ta sa iyafis ƙarƙashin hijabi ka ɗauka sauraronka take. Wannan ma mai sauƙi ne. Abinda ya fi tayar mana da hankali kyamara ce. Faɗa ya kaure a bayan aji, maimakon a raba sai a zagaye ana ɗauka, kafin a tashi ya zaga duk guruf-guruf ɗinsu, yaron da aka kayar ya kasa zuwa makaranta don kunya, washegari yayyensa su zo ramuwa daga unguwa. An taɓa ɗaukar hoton wata yarinya ba da saninta ba aka yi ta yawo da shi da rubutun banza a kai, iyayenta cire ta suka yi gaba ɗaya. Da 'yarka ce abin ya faɗa wa Alhaji, kai zaka fara zuwa ka ce me ya sa muka bar waya ta shigo.

Sai satar amsa. Da yaro takarda yake naɗewa ya cusa a safa, yanzu guruf ne a WhatsApp da Telegram masu cewa suna da ekspo, a tara kuɗi a tura musu, rabi ma damfara ce. Yaron da ya saba da haka tun gwajin aji, ranar WAEC ko JAMB zai gwada, kuma can shiga da waya ɗakin jarrabawa kaɗai ya isa a riƙe sakamakonsa ko a soke, ko bai kunna ba. Gara ya koyi rabuwa da ita a hannunmu.

Ga kuma sata. Waya ta ɓace a aji, darasin ranar ya tafi kenan, a rufe ƙofa a zazzage jakunkuna, a zargi wani, uwar mai waya ta zo da ihu, uwar wanda aka zarga ta zo da nata. Kuma ka sani gwamnatin Legas ta hana duka a makarantunta, bulala babu, to in ba ƙwacewa ba me ya rage mana?

Inda nake tare da kai shine maganar ƙarshen zango. Ni a ra'ayina karo na farko in uba ya tako da ƙafarsa ya sa hannu a ba shi kayansa, ai kuɗinsa ne ba na yarinyar ba. Riƙewa wata biyu ko uku ba yaron ake horarwa ba, gidan ake horarwa.

Uwar Biyu, Mile 12:

Malam Tica duk na ji bayaninka kuma gaskiya ne, Allah ya saka da alheri, aikinku sai Allah. Amma ku ma ku tsaya wuri ɗaya mana mu san inda kuka dosa. A 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu wa yace mu nemo wa yara waya? Darasi a rediyo, darasi a talabijin, darasi a WhatsApp, ni adashi na ɗauka na sayi waya saboda kar a bar nawa a baya. An dawo makaranta guruf ɗin bai mutu ba, har yau malamin ajin ɗana a nan yake turo aikin gida, wani lokacin ƙarfe 9 na dare, da hoton shafin littafi saboda ba kowa ke da littafin ba. To da dare waya kayan karatu ce, da safe ta zama laifi?

Sannan JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, WAEC ma a 2024 ta fara yi wa masu zana ta kansu a kwamfuta, ana ta maganar kowa can zai koma. Ɗana yana SS1, ɗakin kwamfutar makarantarsu sau nawa ya shiga? In an tambaye shi yace ba wuta ko makullin na hannun wani malami. Ɗan abinda ya iya na amsa tambaya a sikirin a wayar nan ya koya. 'Ya'yan masu kuɗi a Lekki da Ikoyi suna da laftof a gida, in an hana su waya a makaranta ba su rasa komai ba, namu wayar ce kwamfutarsu ita ce laburarensu. Har darasin Yarbanci da aka wajabta musu, ni ba iya karanta shi na yi ba balle in taya shi, a waya yake nemo ma'anar kalmomi.

Ita kanta gwamnatin ai ta raba wa malaman firamare tablet a shirin EKOEXCEL tun 2019, ƙaramar 'yata tana ba ni labari antinsu da shi take koyarwa. A Osun ma lokacin Aregbesola ɗalibai aka raba wa tablet ɗin karatu mai suna Opon Imo a hannu. Kenan ba na'urar ce matsala ba. Ni ban ƙi a hana a cikin aji ba wlh, ko ni in ina lissafin kuɗin tumatur waya ta yi ƙara sai na sake daga farko balle yaro. Amma a ce ko a jaka kar ya ɗauko, daga Ketu har inda yake zuwa, wannan kam ban yarda ba.

Mai Gyaran Waya, Computer Village, Ikeja:

Slm. Alhaji shawara kyauta daga mai sana'ar. Ka manta da Android ɗin nan, in sun ba ka ka mayar wa Hajiya abinta, ka saya wa yarinya rakani-kashi mai madannai, kira da tes da tocila shikenan, caji ɗaya ya kai ta kwana uku, ɓarawo ma in ya fizga sai ya yi tsaki. Amma ka duba da kyau kafin ka biya don ƙananan na yanzu wasu suna zuwa da Facebook da burawuza da kyamara da wurin memori, ka ce wa mai shagon wadda ba ta hawa intanet kake so. Layin kuma da NIN ɗinka za a yi rajista tunda hukumar sadarwa NCC tace sai mai shekara 18, hakan ma ya fi.

Amma bari in fasa muku ƙwai iyaye, yaran nan sun riga ku nisa. Kullum suna zuwa wajenmu da yunifom a jaka. Akwai mai waya biyu, ta gida wadda baba ya sani da wadda saurayi ko aboki ya saya wadda ba ta taɓa kwana a gida ba. Kuma kusan duk makarantar da aka tsananta bincike zaka samu mai kiyos ko mai POS a kusa da get da ke karɓar ajiya, yaro ya ba da ɗan canji a riƙe masa har a tashi. Kaga dokar makaranta ta buɗe wa wani kasuwa. Ni ban ga laifin ajiyar ba in mutumin kirki ne ka san shi, amma 'ya mace tana miƙa wa wani ƙato wayarta kullum da hotunanta a ciki, a'a. In za a yi haka gara kai ka je da kanka ka samu mace mai shago ku yi magana.

Wanda kuma dole sai babbar waya saboda aikin gida kamar yadda Uwar Biyu ta faɗa, akwai Family Link na Google, kyauta ne, daga wayarka zaka sa lokacin da tasa za ta kulle da manhajar da zai iya saukewa. Masu wayon cikinsu suna zuwa a yi musu filashin a goge, ni dai ba na yi wa mai yunifom, amma layinmu ba ni kaɗai bane.

Abu na ƙarshe, duk wanda aka riƙe wayar ɗansa ya tabbata an rubuta a littafi da sunan yaro da irin wayar, in da hali da lambar IMEI, tana jikin kwali ko a danna *#06# ta fito. Wayoyi da yawa a dirowa ɗaya wata da watanni, an sha kawo min wadda batirinta ya kumbura ya ɗaga sikirin, wani kuma a miƙo masa wadda ba tasa ba.

Baban Yara, Agege:

Na gode ƙwarai jama'a. Malam Tica wallahi maganar hoton nan ta tsaya min, ban taɓa kawo ta a raina ba. Mai gyara zan leƙo Ikeja in sha Allah. Sai dai mataimakiyar firinsifal ɗin tace min ko ƙaramar ce in an gani za a karɓa, waya waya ce, to ka ga an dawo gidan jiya.

Ɗan Jami'a, Ojo:

Baba barka da ƙoƙari. Ni ƙaramin cikinku ne amma na ɗan bibiyi maganar nan saboda ilimi nake karanta, kuma ba mu kaɗai ke fama ba. Faransa tun 2018 ta yi doka ta hana amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare, wato har wajen shekara 15. Sin ta bi a 2021, Holan a farkon 2024, Brazil a Janairun 2025, jihar New York a Amurka ta fara nata a zangon da aka shiga a Satumban 2025, daga ƙararrawar shiga har ta tashi. UNESCO ma a rahotonta na 2023 ta ce kar a bar waya a aji sai in karatu za ta taimaka. To masu kuɗin da suka ƙera abin ma sun gaji da shi, Malam Tica ba shi kaɗai bane.

Amma abinda nake so Baba ya riƙe in zai koma wajen firinsifal, yawancin dokokin nan AMFANI suka hana, ba ɗaukowa daga gida ba. A Faransa yaro na iya zuwa da ita, a kashe a ajiye. Ta Brazil ta bar ƙofa ga darasin da malami ya buƙata da mai larurar lafiya ko naƙasa da kuma in an shiga haɗari. Ta New York ta wajabta wa makaranta ta samar da hanyar da iyaye za su samu yaransu da rana, har kuɗi jihar ta ware dala miliyan 13.5 don wurin ajiya. Wasu makarantun can wata 'yar jaka suke amfani da ita mai suna Yondr, yaro ya sa wayar a ciki a kulle, tana hannunsa amma ba ta buɗuwa sai an kara ta a maganaɗisu a bakin get. Ta Sin ce mai tsauri, ba a shigowa da ita sai iyaye sun rubuta takarda, kuma ko an yarda a hannun makaranta take wuni. Ka ga ko mai tsaurin ta san akwai yaron da hanya ke tilasta wa.

Ko yana ƙara ƙoƙari? Nan ne ba a haɗu ba. Wani bincike da aka fitar a 2015 kan makarantun wasu birane huɗu na Ingila ya samu sakamakon jarrabawa ya ɗan tashi bayan hanawa, kuma yaran da ke can ƙasan aji su suka fi amfana, masu ƙoƙarin kusan ba abinda ya canza musu. Wannan ya zauna min, don mai ƙoƙari ko da waya zai kama kansa, na bayan ne ke nutsewa, kuma ajin mutum 70 na bayan sun fi yawa. Da aka gwada irinsa a Suwidin ba a ga wani bambanci ba. Sannan a 2025 masu bincike na Jami'ar Birmingham suka duba makarantu 30, suka ce tsakanin masu hanawa da masu bari ba su ga bambanci a maki ko kwanciyar hankalin yara ba, saboda jimillar awannin da yaro ke yi a waya bai ragu ba, abinda ya rasa da rana yana ramawa da dare. Amma sun tabbatar mai yawan zama a waya barcinsa da karatunsa sun fi lalacewa. Ni na yi sakandaren gwamnati a garin nan, masu gyangyaɗi a firiyod na farko duk mun san ba tahajjud suka kwana yi ba. Anti Uwar Biyu ki gafarce ni, wayar aikin gidan ƙarfe 9 ɗin nan, ƙarfe nawa take barin hannunsa?

Uwar Biyu, Mile 12:

Kai yaro ka kiyaye ni lol. Ƙarfe 10 tana ƙarƙashin filona, ni da nake fita kasuwa kafin asuba ina zan bar shi da ita. Da tsadar data ma tun da aka ƙara kuɗi a 2025 ai ko na bar masa ba abinda zai kalla.

Tica, Idi-Araba:

Ɗan Jami'a ka kawo bayani mai kyau, saura ka zo tishin firaktis wajenmu ka gani da idonka. Karɓa a get a mayar in an tashi shine daidai, ni ma na yarda, amma wa zai karɓa? Makaranta mai yara sama da dubu, a ce rabi sun zo da waya, maigadi ɗaya, ba loka ba akwatin ƙarfe, malamin da aka ɗora wa in ɗaya ta ɓace daga albashinsa za a ce ya biya. Mun taɓa gwadawa da 'yan SS3 kaɗai, tashi ya koma layin karɓar waya, malamar da ke riƙewa da kanta tace ta sauka. Shi ya sa shugabanni ke zaɓar hanawa gaba ɗaya, ba don ita ce ta fi ba, ita ce ba ta cin ko sisi.

Alhaji ga abinda zaka yi. Kar ka sake zuwa da baki, rubuta takarda zuwa ga firinsifal, ka faɗi inda kuke zaune da motocin da take hawa, ka roƙi a yarda ta riƙa zuwa da ƙarama mara kyamara tana miƙa wa malamar ajinsu ko malamar ba da shawara da safe ta karɓa in an tashi, ka sa hannu cewa in ta ɓace ba ruwan makaranta. Wannan layin na ƙarshe shi ke sa a yarda. Mutum biyar ko goma masu zuwa daga nesa ana iya riƙe musu, ɗari biyar ne ba a iyawa. Ka nemi lambar malamar ajin ka ajiye, ita ma yarinyar ta haddace taka da ta mamanta, zaka sha mamaki yara nawa ne ba su san lambar ubansu da ka ba. In an kira taron iyaye kuma don Allah ku riƙa zuwa, mutanenmu na Agege da Idi-Araba ba a ganinsu sai an ƙwace abu, ranar da aka karanta dokar nan aka ce akwai mai magana ba Bahaushe ko ɗaya a zauren. In firinsifal ta ƙi sauraronka akwai ofishin gundumar ilimi, guda 6 ne a jihar, Agege tana ƙarƙashin ta ɗaya, amma ka fara da takardar tukuna, ka yi kwafi biyu su buga maka hatimi a ɗaya.